Malfar Jaji da Tsumman Jariri

A shekarar 1976 wata Ba'amurkiya mai suna Mary Kelly, wadda ke zaune a Landan a lokacin, ta jera tsummokaran kashin ɗanta a bangon wani gidan baje kolin fasaha da ake kira ICA. Kowane tsumma yana cikin gilashi da tabonsa yadda yake, a ƙasansa kuma an buga da tafireta abin da yaron ya ci a ranar, da lokacin da ya ci, da yawan abin da aka ba shi. Jaridun Ingila suka yi mata ca, wai ta kai ƙazanta inda ake ajiye kayan daraja. Ita kuwa ba ta fasa ba. Daga 1973 zuwa 1979 ta yi ta tara shaidar renon yaron nan har kashi shida: gwarancinsa na farko, shatin tafin hannunsa, ƙwari da ganyayen da yake tsintowa ya miƙa mata, har zuwa baƙaƙen da ya fara koyon rubutawa. A gefe tana rubuta abin da ke cin ranta ita uwar, fargabar ko ta yi kuskure, da zafin ganin ɗa yana girma yana janye jiki daga gare ta. Ta kira aikin Post-Partum Document, kundin jego ke nan.

Kafin ita an yi Mierle Ukeles a Niyok. Ta haihu a 1968, sai ta ga mutane sun koma tambayarta ko tana wani aiki kuwa, alhali daga asuba zuwa dare ba ta sa haƙarƙarinta a ƙasa ba. A 1969 ta rubuta takardar shela cewa wanki da shara da girki da reno su ne fasaharta daga yanzu. A 1973 ta durƙusa da bokiti da tsumma ta wanke matakalar gidan tarihi na Wadsworth a garin Hartford. Daga baya ta lura cewa masu kwashe sharar birni halinsu ɗaya da na uwa, aikinsu gishirin miya ne, ba a ambatonsa sai ranar da babu. Tsakanin 1979 da 1980 ta shafe wata 11 tana bin unguwannin Niyok, ta yi musafaha da ma'aikatan shara wajen 8,500, tana gode wa kowannensu.

Abin da matan nan biyu suka fara ya yaɗu cikin masu fasaha da ke rajin haƙƙin mata. A 2024 wata marubuciya, Hettie Judah, ta haɗa ayyukan masu fasaha fiye da 60 a kan ciki da haihuwa da ɓari da reno, aka fara nuna su a Bristol, aka zaga da su wasu biranen Birtaniya. Tambayarsu ɗaya ce: aikin da ke riƙe da ran ɗan Adam, me ya sa shi ne ba a lissafawa? A ganina an yi wannan tambaya a bakin gulbin Rima fiye da shekara 100 kafin a haifi Kelly, an kuma amsa ta ta wata hanya daban.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno ribaɗi, ya mai da ita mazauninsa, a nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa yana nan har gobe. Ƙanwarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a Degel a 1793, matar Wazirinsa ce, Giɗaɗo ɗan Laima, don haka rayuwarta ta rabu tsakanin Sakkwato da Wurno. Zamani ne na yaƙi. Shekara guda kafin rasuwar Bello aka gwabza a Gawakuke, kuma kowane yaƙi yana barin abu guda a baya: matan da aka kashe wa maza, marayu, da matan da aka kamo daga Gobir da sauran ƙasashe aka zaunar da su a ƙauyuka da rumada. Yawancinsu ba su san ko Fatiha ba. Idan yaro ya kamu da zazzaɓi ko naƙuda ta yi gardama, wurin 'yan bori suke nufa, domin can ne ake sauraronsu. A Gobir kuwa shugabar bori, Inna, mace ce mai sarauta da iko.

Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ta yi wa Bello marsiyya kamar yadda aka saba yi wa manya. Amma cikin waƙoƙinta na alhini akwai waɗanda babu mai tsammanin irinsu daga gidan Waziri. A 1844 ta yi wa maƙwabciyarta Halima waƙa, abin da ta yaba a kanta shi ne hankali, da son yara da manya, da kyautata wa dangi, da sasanta mutane. A shekarun 1850 ta yi wa Hauwa'u, wata jaji mai kawo mata mata daga ƙauye. Ta kuma yi wa Zaharatu, kuma wannan ce ta fi tsaya mini. Zaharatu tana koyar da marasa sani, tana zuwa wankan gawa duk lokacin da aka kira ta ba tare da jan ƙafa ba, tana zama da mata a kan gwiwa. Ayyuka ne na jini da gumi da tsakar dare, irin waɗanda ake yi a bayan zana, gari ya waye a manta da wadda ta yi su. Malamar da sunanta ya kai har ga malaman yammacin Sahara ta ɗauki awon waƙa da amsa-amo, kayan da ake kashewa a kan waliyyai da sarakuna, ta kashe su a kan mai wankan gawa. Ba don waƙar ba, da yau babu wanda ya san an yi wata Zaharatu a ƙasar Sakkwato.

A nan Asma'u da Ukeles suka haɗu. Dukansu sun ga aikin da ba a gani, sun ambaci masu yin sa, sun yi musu godiya a gaban jama'a. Inda suka rabu shi ne wurin da kowacce ta kai abin da ta yi.

Bayan rasuwar Bello, Asma'u ta kafa tsarin da aka sani da 'yan taru. Daga kowane ƙauye akan sami dattijuwa mai mutunci, wadda maza da mata suka yarda da ita, ta zama jaji. Asma'u takan naɗa ta da hannunta: ta ɗora mata malfa, ta naɗe malfar da jan ƙyalle. Malfa kayan maza ce, kuma tana cikin kayan sarautar Innar Gobir, saboda haka duk matar ƙauyen da ta hango ta daga nesa ta san shugaba ce tafe, sai dai wannan karon littafi ke bayanta. Jaji takan tattaro 'yan mata da ba su yi aure ba da matan da suka gama haihuwa, su kamo hanya a ƙafa suna rera waƙoƙin addini. A kansu akwai sadakar matan da suka rage a gida: hatsi, zuma, man shanu, zare, ɗan ƙyalle. Asma'u ta karɓa ta raba wa mabukata. Su kuma su zauna su hardace waƙoƙi, wata ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114, wata ta tarihin Manzo, wata ta matan kirki na da, su kawo tambayoyin waɗanda suka aiko su, su karɓi amsa, su koma. A gida jaji ta bi ɗaki ɗaki tana juye abin da ta ɗebo. 'Yan taru su ne masu share masallaci, su ne masu duba maras lafiya, su ne masu wanka da suturar gawar mace.

A dubi waɗanda aka zaɓa su yi tafiyar. Duk tsarin an gina shi ne a kan lissafin mai ciki da mai goyo. An san ba za ta iya takowa daga ƙauyukan Rabah ko Goronyo ba, ga ciki, ga na baya, ga miji, ga kulle. Maimakon a ce ta jira sai ta yaye na ƙarshe, sai aka aika mata karatu ta bakin uwarta da ƙanwarta. Kelly ta ɗauki tsumma ta kai wa masu kallo, jaji kuwa ta ɗauki karatu ta kai wa mai wanke tsumma.

Ita kanta waƙar an zaɓe ta ne da sanin halin masu ita. Hoto ko sassaƙa yana son mutum ya bar abin da yake yi, ya yi tafiya, ya tsaya ya zuba ido. Matar da hannunta ɗaya ke kan taɓarya, ɗaya na gyara majanyi, ba ta da wannan sararin. Baiti kuwa yana shiga kunne ko ana kaɗi ko ana tankaɗe, ba ya jiƙewa da ruwa, gara ba ta cin sa, ɗan fashi ba ya ƙwace shi. Idan aka auna fasaha da yadda ta dace da hannun wanda aka yi ta dominsa, ban san wadda ta kai wannan ba. Hatta littafinta na Larabci na 1839, Tabshirul Ikhwan, wanda ya tattara fa'idojin surori wajen neman waraka, bai manta da mai ciki da mai naƙuda ba. Da ta rasu a 1864 tsarin bai bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam ta riƙe shi, bayanta wata mai suna Ta Modi. Jean Boyd, Baturiyar da ta zauna a Najeriya daga 1955 zuwa 1984, ta tarar da jajoji da ransu ta yi hira da su, kuma Farfesa Sa'adiya Omar ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi aikin taskace waƙoƙinsu.

Ba na son a sa wa Asma'u rigar da ba tata ba. Ba ta yaƙi kulle ba, cikinsa ta yi aiki. Manufarta ita ce ta raba mata da bori ta kawo su ga sunna, kuma da yawa cikin matan da aka koyar ɗin ba da son ransu suka baro garuruwansu ba. Gidan Waziri gida ne mai bayi da barori, lokacin da ta samu na zama da alƙalami wasu mata ne suka daka shi a turmi. Wannan gaskiya ce, kuma irinta tana bin gidajen baje koli na Turai: sau da yawa matar da ke tsaye tana kallon hoton wahalar uwa ta baro ɗanta ne a hannun wata baƙuwar haure da ba za ta taɓa shiga ɗakin ba. Duk da haka, idan tambayar ita ce wace fasaha ce ta isa ga mai wahalar ta rage mata wani abu, Wurno ta yi gaba da nisa.

Sai dai akwai abin da kundin Kelly ya riƙe wanda mu muka rasa, kuma rashinsa yana cin rayuka. A waƙar Zaharatu ungozoma ake gani. Matar da ke durƙushe ba ta ce komai ba. Kelly kuwa ita ce mai jegon, ita ce mai maganar, ta ce na gaji, ta ce ina tsoro, ta ce ban san ko daidai nake yi ba. A wurinmu uwa ita ce wadda ake yi wa waƙa. Ana yabonta, ana neman albarkarta, ana cewa aljanna na ƙarƙashin ƙafarta, amma ba a cika tambayarta yadda ƙafar take ba. Tun daga cikin fari ake koya mata shiru. Ta ɓoye cikin har sai ya fito da kansa, ta ƙi kiran sunan ɗan fari, ta kau da kai idan ana yi masa wasa. Ranar da naƙuda ta zo, jaruma ita ce wadda ta shige ɗaki ta ciji zane, ba a ji ko tarinta ba sai kukan jariri. A gidaje da yawa sai a lokacin ake aikawa a kira ungozoma, ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jariri wanka. Kunya ado ce, ni ma a cikinta na tashi kuma ina ganin kyanta. Amma jini idan ya ɓalle ba ya jiran kunya ta wuce.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna wajen haihuwa 9 cikin 10 a Jihar Sakkwato a gida ake yin su, kuma mace takan haifi kimanin 'ya'ya 7. Wani nazari da Bolaji Fapohunda da Nosa Orobaton suka fitar a 2013, bisa alƙaluman 2008, ya gano cewa haihuwa 1 cikin 5 a Najeriya ana yin ta babu kowa a wurin, kuma kashi 94 cikin 100 na irin wannan haihuwa a Arewa suke. Mu da muke alfahari cewa ɗa na kowa ne, mu ne muka fi barin uwarsa ita kaɗai a sa'ar da ta fi kowace sa'a haɗari.

Bayan an sauka lafiya kuwa, sai gida ya cika. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan jego ya san yadda asubarsa take. Tun ciki na tsufa miji ya jibge itace a bayan ɗaki. Kafin kiran salla an hura wuta a ƙarƙashin rabin duro, ruwa na tafasa da ganyen darbejiya. Tsohuwa, uwa ce ko gwaggo ko inna, ta naɗe zane a ƙirji ta kama mai jego zuwa makewayi, ta tsoma damin ganye a ruwan tana fyaɗa mata a baya da ciki da cinyoyi, tururi ya rufe su duka biyun. Ana fitowa ga kunun kanwa a ƙwarya, ga ƙauri ya sha yaji. Maƙwabta na shigowa barka da sabulu da 'yan kuɗi, ƙawa ta rama biki har ta ninka, kishiya ta karɓi girki. Kwana 40 mai jego ba ta daka, ba ta zuwa rijiya, idan haihuwar fari ce ma a ɗakin uwarta take yin su. Matan Landan da Niyok da suka yi ta rubutu a kan kaɗaicin uwa a bene, ita da jariri da bango huɗu, irin wannan taron hannu suke nema. Mu mun gaje shi.

To amma a cikin wannan gatan ne wata za ta ga ƙafafunta sun kumbura, numfashi na yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Idan ta daure ta faɗa, amsar da ta fi saurin zuwa ita ce jikin bai gasu ba, a ƙara wuta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jegon Hausa, suka danganta shi da gashin zafi da yawan kanwa. Wani nazari a asibitin koyarwa na Sakkwato da aka buga a 2007 ya sami ciwon a haihuwa 1 cikin 102, adadin da ke cikin mafiya yawa a duniya. Binciken baya-bayan nan da likitocin Kano suka jagoranta ya fi karkata ga talauci da rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Ko wanne ne sanadin, matakin farko na tsira ɗaya ne, wato mai jego ta faɗi abin da take ji a kuma yarda da ita. Hannuwa goma ne a kanta, duk na ƙauna, kunne ne ya yi ƙaranci.

Ba wai matan Hausa ba su taɓa samun bakin faɗin gajiyarsu ba. Dutsen niƙa ya sha jin abin da miji da uwar miji ba su ji ba. Mace na gurfane tana tura ɗan dutse, tana jero habaici a kan kishiya da rowar maigida da ciwon baya, kowa a gidan na ji, babu mai iya cewa da shi ake. Injin niƙa ya zo ya ɗauke wahalar, alhamdu lillahi, amma ya tafi da filin waƙar. Sai amada ta rage. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta kifa ƙwarya a ruwa ta yi wa mata waƙar haihuwa da kishi da neman na kai, A Kama Sana'a Mata tana cikin waɗanda aka fi sani, kuma ta faɗi abubuwan da malamai suka sha yi mata faɗa a kansu. Ita ce mafi kusa da Kelly a cikinmu. Abin takaicin shi ne mun ajiye amada a gefen wasa da shagalin biki, mun ajiye waƙar 'yan taru a gefen ibada, ba mu bari sun gaisa ba. Wadda ke da mutuncin shiga kowane gida ba ta faɗin ciwon, wadda ke faɗin ciwon kuma ba kowane gida ke buɗe mata ƙofa ba.

Akwai kuma wadda dukan ɓangarorin kan manta. A 2017, karon farko da Najeriya ta sami rumfarta a babban bikin fasaha na Venice a Italiya, Peju Alatise ta kai siffofin 'yan mata 8 masu fukafukai, sun yi da'ira, tsuntsaye na shawagi a kansu. Ta gina aikin ne a kan labarin wata 'yar aiki ƙarama a Legas, wadda da rana take bauta a gidan wasu, da dare ta yi mafarkin tashi sama. Wanda ya san tashoshin motarmu ya san yarinyar nan. Idan muka ce a ƙauye reno na kowa ne, a bi diddigin wannan kowa, sau da yawa za a tarar 'yar shekara takwas ce da ƙaninta a baya, ƙafafunsa na dukan ƙaurinta, ga farantin talla a ka. Ita ce ke biyan kuɗin kullen uwarta, da karatunta take biya. A nan hikimar Asma'u ta fi ba ni mamaki, domin daidai wannan yarinyar ta zaɓa ta ɗora a hanyar neman ilimi. A tsarinta ƙaramar yarinya ɗaliba ce kuma 'yar aike mai ɗauke da baiti. Mun riƙe aiken mun saki karatun.

Yau ma gabashin Sakkwato ya koma irin zamanin da ya haifi 'yan taru. A watan Satumban 2010 ambaliyar gulbin Rima ta share ƙauyuka da gonaki a ƙasar Goronyo da maƙwabtanta. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi, akasarinsu mata da yara. A watan Oktoban 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka mutu. Irin wannan ba maza kaɗai yake kashewa ba, yana tsinka zaren da ya ɗaure mata da juna. Goyon gida yana bukatar gida. Wankan jego yana bukatar itace, itace yana daji, daji kuwa ya zama na masu bindiga. Adashi da biki suna bukatar a san inda za a sami juna wata mai zuwa. Matar da ta haihu a ajin makarantar firamare da aka mai da sansani, gwaggonta na wani gari, ungozomar ƙauyensu ba a san inda ta faɗa ba, ta rasa gatan gargajiya ba ta kuma sami na asibiti ba. Fadamun Wurno na nan suna ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa, amma mai goyon da aka raba da gonar mijinta sai dai ta gan su a kasuwa.

An taɓa gwada wani abu mai ƙirar jaji. A 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato, da tallafin wani shirin lafiya na Amurka mai suna TSHIP, ta fara raba magunguna biyu ta hannun masu sa kai a mazaɓu 244 na jihar: ƙwayar misoprostol da ake sha bayan haihuwa don tare zubar jini, da man chlorhexidine da ake shafa wa cibiyar jariri a maimakon gashi da tsumma ko shafa man goge baki. Tunanin daidai yake da na Asma'u, tunda mai naƙuda ba za ta zo ba, a kai mata ta hannun matar da ta sani. Shirin na waje ya ƙare a 2015, kamar yadda irinsa kan ƙare idan wa'adin kuɗinsa ya cika. Jaji ta wuce shekara 100 tana tafiya ba da kuɗin kowa ba, saboda abubuwa biyu da takardar shiri ba ta tanadarwa: girman da malfa ke ba ta a idon gari, da waƙar da ke sa saƙo ya zauna a ka ya wuce daga uwa zuwa 'ya.

Shi ya sa idan wata 'yar Wurno ko Rabah mai baiwar zane ko waƙa ko ɗaukar hoto ta tambaye ni ta ina za ta fara, ba zan hana ta mafarkin Venice ba, amma zan ce mata, ƙanwata, fara da makarantar Islamiyyar matan aure ta unguwarku, nan ne jikokin 'yan taru suke taruwa yanzu. Ki nemi sunayen ungozomomi da masu wankan gawar garinku tun suna da rai, ki yi musu abin da aka yi wa Zaharatu. Sannan ki ƙara abin da ba a yi ba a wancan karon: ki zauna kusa da mai jego, ki bar ta ta faɗi yadda daren ya kasance da bakinta, ki sa shi a baitin da malama ba za ta ji nauyin rerawa ba. Alamomin haɗari, jinin da ya wuce kima, kumburin fuska da ƙafa, ciwon kan da ke dushe gani, naƙudar da ta kwana ta wuni, duk suna shiga awon waƙa kamar yadda sunayen surori suka shiga. Rediyon Rima yana kaiwa Goronyo, kuma gidaje kaɗan ne babu waya mai katin waƙoƙi. Abin da ya rage shi ne mai tsara baitin, da mai biyan kuɗin motar dattijuwar da za ta kai shi Gandi, tunda hanyar yanzu ba ta takuwa a ƙafa.